Wane irin tanti ne zai ishi iyali mai mutum shida?

"Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina muna da yara huɗu: babbar shekararta 14, sai maza biyu, mai 10 da mai 7, sai autar da ba ta cika uku ba. Muna so mu fara fita da mota lokacin hutu, mu yada zango kwana biyu ko uku a wuraren da aka tanada domin haka. Na duba tantuna har idona ya gaji. Wani an rubuta na mutum shida, wani takwas, wani goma, wani kuma wai hura shi ake yi da iska. Tunda mota ce za ta ɗauki kayan, ba sai in sayi mafi girma kawai in huta ba? Me ya kamata in duba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya zuri'a. Idan na fahimce ka, tambaya biyu ka haɗa wuri ɗaya: girman da zai ishe ku, da kuma ko akwai aibu a sayen mafi girma tunda ba a ka za ku ɗauke shi ba. Ta farko lissafi ce, yanzu za mu yi shi. Ta biyu kuwa amsarta ita ce akwai aibu, kuma a nan ne yawancin masu sayen tantin farko suke tafka asara. Na daɗe ina kafa tantuna, ina kuma gyara waɗanda suka lalace, kuma manyan da ake kawo mini kusan duk abu biyu ne suka kashe su: ko iska ta karya sanduna, ko an naɗe su da danshi sun ruɓe a ajiye. Duka biyun suna ƙara tsanani ne gwargwadon girman tantin. Saboda haka abin da nake so ka nema shi ne tanti mafi ƙanƙanta da zai ɗauke ku cikin walwala, wanda kai da uwargida za ku iya kafawa ku kaɗai, ku kuma iya shanya shi idan kun koma gida.

Lambar da ke jikin jaka

Idan kamfani ya rubuta "na mutum shida", abin da yake nufi shi ne mutum shida za su iya kwanciya kafaɗa da kafaɗa, kamar ashana a cikin kwali, kowa da faɗin santimita 50 zuwa 60, ba jaka, ba takalmi, ba hanyar wucewa. Yawancin tantunan da ake kira na mutum shida ƙasansu bai wuce mita 3 a tsaye, mita 3 a kwance ba. Shimfiɗa shida masu faɗin santimita 50 kuwa mita 3 ke nan cif. Ka ga inda lambar ta fito.

To mu lissafa naku. Katifar iska ta mutum biyu faɗinta wajen santimita 150 ne, tsawonta 200, kuma a kanta auta za ta kwana tsakaninku. Sauran yara uku, kowa da shimfiɗa mai faɗin santimita 60 zuwa 65, sun ci kusan 190. Jimla santimita 340. Tun ba a shigo da jaka ko ɗaya ba, tantin mutum shida mai faɗin mita 3 ya gaza. Shi ya sa masu sana'ar suke cewa ka ƙara biyu a kan yawanku, wato ku na mutum takwas ya kamata ku fara dubawa. Ni dai ban cika dogara da wannan ƙa'ida ba, domin tantuna biyu masu lamba ɗaya suna iya bambanta sosai. Abin da nake yi shi ne in nemi zanen ƙasan tantin, wanda kamfanonin kirki suke sakawa da awo, in ɗauki awon katifun da ake da su in jera su a kan takarda. Ko mafi sauƙi, ka share tsakar ɗaki, ka zana iyakar tantin da igiya, ka shimfiɗa katifun, ka kira yara su kwanta. Gani ya kori ji.

Akwai wani tarko a tantunan da aka raba ɗaki-ɗaki. Ɗakin mutum biyu a cikinsu sau da yawa faɗinsa santimita 120 zuwa 140 ne, katifa mai 150 ba za ta shiga ba, ko ta shiga tana tura bango. Bangon da aka tura kuwa yana taɓa rufin waje, wato yadin da ke lulluɓe tanti ya hana ruwa, kuma ta nan ruwa yake samun hanya. Ka duba faɗin kowane ɗaki, kada ka tsaya a kan jimlar.

Kuma yarinya mai shekara 14 tana bukatar wurin da za ta sauya kaya ba a kan idon ƙannenta ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka nemi mai ɗakuna biyu aƙalla, wanda bangon tsakiyarsa yake rufuwa da zif. Labulen da ake rataya wa da maɗaurai huɗu, iska tana ɗaga shi, ba ɗaki ba ne.

Siffa, da abin da iska take yi mata

A nan zan daɗe, domin a nan maganar take.

Manyan tantunan iyali siffa uku suka fi yawa. Akwai mai kama da ɗaki, bangonsa a miƙe, rufinsa a sama. Akwai mai tulluwa, wanda sanduna biyu ko uku suke gicciye a samansa. Sai dogo mai kama da rami, wanda ake jera sanduna masu lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, ɗakunan kwana a ƙarshe, falo a gaba.

Mai kama da ɗaki shi ne yake sace zuciyar mai saye, kuma da dalili. Mutum yana tafiya a miƙe daga kusurwa zuwa kusurwa, tagogi manya-manya, gadon zango yana matsawa har jikin bango. Idan sama ta yi garau babu kamarsa. Amma ka tuna bango mai tsayin mita 2 da faɗin mita 4 fili ne na murabba'in mita 8 da aka tsayar a gaban iska. Ita kuwa iska, idan gudunta ya ninka biyu, ƙarfin bugunta ninka huɗu yake yi. Iskar da ta fara da kaɗa ganye da yamma, idan hadari ya taso da tsakar dare, ita ce take lanƙwasa sanduna har rufi ya sauko kan masu barci. Mafi yawan karayar da nake gani a mahaɗar roba take faruwa, inda sandar bango ta haɗu da ta rufi. Masu buɗewa nan take, waɗanda sandunansu suke manne da yadin ana zare su kawai, su ma wannan rauni gare su, har da ƙari: gwiwa ɗaya ta karye, samun madadinta wuya.

Mai tulluwa ya fi kowa iya zama da iska, domin ta ko'ina ta zo zamewa take yi. Matsalarsa ita ce bango yana karkata ciki, tsayin da aka rubuta a tsakiya kaɗai yake, kuma idan ya kai girman mutum takwas sandunan sun yi tsawo har ƙarfin nasu ya ragu. Tulluwa a tantin mutum uku ko huɗu take nuna kanta.

Dogon shi ne wanda iyalai a ƙasashen da ruwa da iska suka yi yawa, irin su Birtaniya da Denmak, suka fi riƙewa, kuma kamfanoni irin su Vango da Outwell a kansa suka yi suna. Yana ba da tsayin da za a miƙe, wajen santimita 195 zuwa 210, kusan tsawon tantin gaba ɗaya, kuma idan aka juya bayansa ga iska tana bin samansa ta wuce. Amma yana da sharaɗi biyu. Na farko, ba ya tsayuwa da kansa, sai an buga turaku an ja shi gaba da baya, saboda haka a kan dutse ko dandamalin katako wahala ce. Na biyu, idan iska ta juya ta bugo ta gefe, igiyoyin gefe ne kaɗai suke riƙe shi.

Igiyoyin nan su ne abin da mutane suka fi raina wa. Za ka zaga wurin zango ka ga tanti bayan tanti igiyoyinsu a naɗe kamar yadda suka fito daga kamfani. Sandar tanti ba a yi ta don ta ɗauki iska ita kaɗai ba, igiya ce take karɓar nauyin ta kai shi ƙasa. Kafin ka saya, ƙirga wuraren ɗaura igiya a jikin rufin, ka duba ko an ƙarfafa ɗinkinsu da ƙarin yadi. Babban tanti mai wuraren ɗauri huɗu kacal, na ranar da babu iska ne. Turakun da ake sakowa a jaka kuma galibi siraran waya ne da suke lanƙwashewa a bugu na biyu. Ka sayi na ƙarfe masu kauri daban, da guduma, ka riƙa buga su a karkace, kansu yana kallon nesa da tantin.

Ruwan sama

Abu na farko da zan duba shi ne rufin waje, ko yana sauka har kusa da ƙasa ta kowane gefe, ko kuwa ɗan hula ne da ya rufe sama kawai ya bar tagogi da ƙofa a buɗe. Ruwan da ya sauko a miƙe, ɗan hular ya isa. Wanda iska ta koro a karkace kuwa ta zif ɗin taga zai shigo.

Za ka ga wata lamba da milimita a bayanin tanti, 1,500 ko 3,000 ko 5,000. Gwaji ne da ake yi: a ɗora dogon bututu a kan yadi, a yi ta zuba ruwa har ya fara ɗiga ta ƙasa, tsayin ruwan a lokacin shi ne lambar. Daga 1,500 ake lissafin yadi yana hana ruwa. Ga tantin iyali ni 3,000 nake nema a rufi, ƙasa kuma ya fi haka, domin gwiwar mai durƙuso tana matsa ruwa ya ratsa yadi fiye da yadda ruwan sama yake yi. Amma kada lambar ta ruɗe ka har ka biya ƙarin kuɗi domin 6,000 a kan 4,000. Tanti da wuya ya yi yoyo ta tsakiyar yadi, ta ɗinki yake yi, inda allura ta huda. Juya rufin ka duba ciki, ya kamata ka ga siririn tef mai sheƙi an manna shi a kan kowane ɗinki, ba ɓaɓɓakewa, ba kumfa a ƙarƙashinsa. Ƙasan tantin kuma ya zama ya naɗo sama ta gefe da kamar santimita 10 zuwa 15 kafin ɗinki ya fara, yadda ruwan da ke gudu a ƙasa ba zai same shi ba.

Sau da yawa mutum yakan tashi da safe ya ga bango a jiƙe ya ce tantinsa yana yoyo, alhali ko ɗigo ba a yi ba. Numfashin mutum shida ne na dare guda ya haɗu da sanyin yadi ya zama ruwa. Maganinsa iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama, don haka ka nemi mai ƙananan kafofi a ƙasa da kuma a ƙololuwa, waɗanda za a iya bari a buɗe ko ana ruwa. Tanti mai bango biyu, na ciki mai numfashi da na waje mai hana ruwa, yana raba masu barci da wannan jiƙa.

Ina kuma ba ka shawarar ka ɗauki falo ko rumfar gaba da muhimmanci fiye da ƙarin ɗakin kwana. Ranar da aka wuni ana ruwa, yara huɗu suna bukatar inda za su zauna, takalma masu laka suna bukatar inda za a cire su kafin a taka katifa. Sai dai kashedi ɗaya da ba na sassautawa a kansa: ba a kunna gawayi, ko risho, ko wani abin ɗumama wuri mai cin mai a cikin tanti ko a rumfarsa idan tana rufe. Suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Ko gawayin da ake ganin ya mutu yana ci gaba da fitar da ita.

Sanduna da yadi

Sandar faiba, wadda ake yi da zaren gilashi, ita ce mafi araha, da ita yawancin tantuna masu sauƙin kuɗi suke zuwa. Idan ta gaji tsagewa take yi tsawonta, tsagin kuma yana soke hannu, yana yaga yadin tantin da aka zura ta a ciki. Ta alminiyom ta fi sauƙin nauyi, kuma idan iska ta fi ƙarfinta lanƙwashewa take yi, a saka mata ɗan bututun gyara a ƙarasa hutu. Ta ƙarfe tana da ƙarfi, tana da nauyi, tana tsatsa idan an ajiye ta a jiƙe. Idan kuɗi ya ba da dama, a babban tanti alminiyom ko ƙarfe zan ɗauka.

Wanda ka ji ana hurawa da iska gaskiya ne, kuma ba abin wasa ba ne. Maimakon sanda, bututun roba ne mai kauri a cikin riga, ana hura shi da famfon hannu zuwa wajen psi 7 a ma'aunin matsin iska. Mutum ɗaya yana iya tayar da shi, kuma idan iska ta danne shi sunkuyawa yake yi ya sake miƙewa, ba abin karyewa. Aibinsa uku: ya fi tsada, duk nauyinsa a jaka ɗaya yake tunda ba a raba sanduna da yadi, kuma zafin rana yana ƙara matsin iskar da ke ciki, don haka ba a cika shi fiye da abin da aka rubuta.

Yadi kuwa, mafi yawa poliyesta ne, kuma ga tantin mota ya fi nailon, domin nailon yana saki idan ya jiƙe, rana kuma ta fi saurin cin sa. Lambar da ke da harafin D a gefe, kamar 68D ko 150D, kaurin zare take nunawa. Akwai kuma yadin da aka gauraya auduga da poliyesta, galibi kashi 35 da kashi 65. Wannan yana numfashi, ya fi sanyi da rana, ba ya yawan tara gumi, ba ya ƙarar faf-faf da dare, kuma yana shekaru. A wuri mai zafi bambancinsa da poliyesta zalla a bayyane yake. Amma babbansa yana iya kai kilo 40 ko fiye, yana daɗewa bai bushe ba, sabonsa kuma sai an jiƙa shi ya bushe kafin zaren ya kumbura ya toshe hudar allura. Ba zan ba mai fara fita shawarar ya fara da shi ba, sai in ya tabbata abin zai ɗore.

Zif kada ka wuce shi. A tantin da yara suke shiga da fita, shi ne yake fara mutuwa. Nemi mai manyan haƙora, lamba 8 ko 10, in an samu na kamfanin YKK ya fi. Ƙofa biyu kuma sun fi ɗaya, don mai fita da dare kada ya tsallaka kan kowa. Su kuma ɗakunan da aka yi da baƙin yadi mai tare haske, irin na tantunan Coleman da Quechua, suna da amfani ga mai ƙaramar yarinya da hasken asuba yake tayarwa.

Abin da mota ba ta ɗauke maka

Mota ta ɗauke maka nauyi a kan hanya, amma ba ta ɗauke maka girma ba. Mutum shida sun cika kujeru, but ɗin baya kaɗai ya rage wa tanti da katifu da barguna da sauran kaya. Auna but ɗinka, ka nemi awon jakar tantin a naɗe. Kuma ka sani tanti ba ya komawa jaka da ƙanƙantar da ya fito.

Sai kafawa. Tantin mutum goma ko goma sha biyu yana son manya biyu aƙalla, wani ma uku, ku kuma ɗayanku idonsa yana kan auta. Idan kun isa da magariba, yara sun gaji, hadari yana haɗuwa, bambancin minti 15 da minti 45 babba ne. Sannan wuraren zango da yawa filin da suke ba kowane iyali yana da iyaka, kuma igiyoyi suna cin kamar mita ɗaya ta kowane gefe bayan awon tantin. Samun fili shimfiɗaɗɗe mai tsawon mita 7, ba tudu, ba saiwa, ba kwari, ba kullum ba ne.

Na ƙarshe shi ne wanda ba wanda yake tunawa a wurin saye: ina za ka shanya shi? Ranar tashi, ko ba a yi ruwa ba, raɓa ta jiƙa shi. Dole a buɗe shi a gida ya bushe ƙarau cikin kwana ɗaya ko biyu. In an bar shi a naɗe, fumfuna za ta kama shi, shafin da ke hana ruwa ya fara danƙo yana wari yana ɓarewa, kuma wannan ba ya gyaruwa yadda ya kamata. Wanda ba shi da fili ko dogon baranda, girman wurin shanyarsa shi ne iyakar girman tantinsa.

Da ni ne kai

Da zan saya wa iyali irin naka, dogon tanti zan ɗauka, mai lamba shida zuwa takwas gwargwadon abin da awon katifunku ya nuna, mai ɗakunan kwana biyu ko uku, da falon da za a miƙe a ciki, rufi har ƙasa, da shimfiɗar ƙarƙashi da ta ɗan gaza ƙasan tantin faɗi, don kada ta tari ruwa ta kai shi ƙarƙashinku. Idan inda za ku riƙa zuwa wuri ne mai zafi da bushewa, inda iska ba ta da fitina, mai kama da ɗaki da tagogin raga manya zai fi muku daɗi, muddin za ku ɗaure igiyoyinsa duka kowane dare.

Akwai hanya ta uku da nake ganin ta cancanci tunani: tanti biyu matsakaita, ƙofa na kallon ƙofa, da rumfar tamfol a tsakani. Sun fi sauƙin kafawa, sun fi jure iska, sun fi sauƙin shanya, kuma ɗaya ya lalace ba a rasa wurin kwana ba. Amma da yaro ɗan shekara 7, iyaye da yawa ba za su sami barci ba idan ba rufi ɗaya ya haɗa su ba, kuma wannan ku ne kuka san yaranku. Nan da shekara biyu ko uku manyan da kansu za su nemi nasu, a lokacin ƙaramin tanti mai tulluwa a gefe ya wadatar, wanda shi ma dalili ne na kada ka sayi na mutum goma sha biyu yau.

Duk abin da na faɗa na zangon da ba a cikin dusar ƙanƙara ko guguwa mai ƙarfi ba ne, waɗannan tantinsu daban. Kuma ban ga motarka ba, ban san yanayin wuraren da kake nufi ba, su biyun suna iya sauya zaɓin. In akwai wanda zai ara maka ko wurin haya, ku fita sau ɗaya da na aro kafin ka saya. Wanda ka saya kuma ka fara kafa shi a gida da rana, ka ƙirga sanduna da turaku, ka sa yara su shiga ciki, ka watsa masa ruwa da tiyo ta kowane gefe, su nuna maka inda ya ɗiga tun ana iya mayar da shi.